Baƙon da Babu Wanda Ya Turo

Ɗan kabu-kabu bai ko kashe mashin ba ya sauke baƙon a ƙofar sito, ya nuna masa Alhaji Muttaƙa da haɓa, ya juya abinsa. Baƙon dogo ne, rigarsa mai dogon hannu ta manne masa a baya saboda zufa, yana rungume da wata ƙaramar jaka a ƙirji. Ya ratsa tsakanin buhunan albasa, ya tsaya gaban tabarma, ya yi gaisuwa da Faransanci, sa'an nan ya tambaya ko nan ne Kamfanin Muttaƙa da 'Ya'yansa.

Mahfuz yana tsaye kan masu ɗinka wa buhuna hula lokacin da sunan ya shiga kunnensa, sai ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a tsakiyar baya. Babu allo a ƙofar siton nan, ba a taɓa rubuta wannan suna a jikin wani bango na Birnin Kwanni ba. Shi ya ƙirƙire shi da hannunsa, a siber, shagon intanet, ba tare da kawunsa Alhaji ya sani ba.

"Kai, ɗan Maryam," in ji Alhaji yana duban Mahfuz, "zo ka jiya muna. Mi yac ce?"

A cikin mutanen sito Mahfuz kaɗai ke jin Faransanci sosai. Ya matso, ya durƙusa a gefen tabarma. Baƙon ya ce sunansa Komlan, daga Lome ya zo, yana son albasar Galmi cikin mota guda, in sun daidaita kuma zai riƙa dawowa. Mahfuz ya fassara wannan daidai, bai rage ba bai ƙara ba.

"Madalla," in ji Alhaji. "Wa yat turo shi?"

Komlan ya yi murmushi da aka mayar masa da tambayar. Ya ce babu wanda ya turo shi. Ya shiga intanet ne ya rubuta albasar Galmi, sai sunan Alhaji ya fito a can sama, gaban kowa.

Mahfuz ya juya ga Alhaji. "Ya ce a Lome ya ji labarinka, Kawu."

"Ga bakin wa?"

Ba Alhaji ne ya yi wannan tambaya ba. Labo ne, dillalin da ya tsufa yana kawo wa Alhaji masu saye daga Gana da Kwaddibuwa, mutum mai ƙaramin jiki da idon da ba ya barin komai ya wuce. Ya ajiye asawakinsa, ya gyara zama.

"Labari ba ya da ƙahwa, mai diplom. Mutum ka ɗauko shi. Tambaye shi sunan mutumen."

A cinikin albasa, wannan tambaya ita ce ƙofa. Kaya ne mai ruɓewa, mota kuma ba ta jiran sai an gama biya. Sau da yawa wani sashe na kuɗin sai an sayar a can bakin teku yake dawowa. Saboda haka ba a ɗora wa mutum buhu ko ɗaya sai an san wanda ya turo shi, domin wanda ya turo baƙo shi ne mai masaukinsa, shi ne kuma wanda za a kama in baƙo ya ɓace. Mai saye da ya zo ba sunan kowa a bakinsa kamar rijiya ce da ba a san zurfinta ba.

Mahfuz ya juya ya yi wa Komlan wata tambaya dabam, game da gajiyar hanya, ya saurari amsar da fuskar mai nazari, sa'an nan ya ce: "Ya ce sunan ya shige masa. Zai tuna."

Alhaji ya dubi baƙon tun daga takalmi har gashin kai. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar itacen bedi, aka kai masa ruwa da fura, domin baƙo baƙo ne ko da ba a san ubansa ba. Amma ya ɗaga hannu, masu ɗinki suka ja ƙofar sito suka rufe rabinta.

Tun da Mahfuz ya dawo daga Yamai da diplom ɗinsa na ilmin na'ura, bai sami aikin buro, wato na ofis, ba. Kawunsa ya ɗauke shi, ya ba shi ɗaki a cikin gida da wurin tsayawa a sito, ya kuma soma nuna alamar wata rana zai bar masa hulɗa da mutanen waje. Sau ɗaya Mahfuz ya kawo masa maganar sa suna a intanet. Alhaji ya ce dukiya ba ta son ido, wanda ya hau tudu ya yi shelar abin da ke rumbunsa, ya gayyaci mai lanho, wato mai karɓar haraji, da ɓarawo a rana ɗaya. Ya kuma ce kada ya sake jin zancen. Mahfuz ya ce to. Amma a ransa yana ganin yadda albasa ke bi ta hannu huɗu ko biyar kafin ta isa teku, kowane hannu yana yagar rabonsa, yana kuma ganin ranar da zai kawo mai saye kai tsaye, kawunsa ya dube shi da wani ido.

Ya gina shafin a ɓoye. Ya yi watanni yana gyara kalmominsa, yana saka albasa da Galmi da sari a kowane kai da ƙarƙashin kowane hoto, yana roƙon masu wasu shafuka su ambaci nasa, domin ya karanta cewa injin bincike yakan ɗaga wanda wasu suka nuna. Duk da haka shafin ya tsaya can baya, inda ko mai cigiyar ɗansa ba ya isa. Daga baya wani abokin karatunsa da ke Faransa, mai katin banki, ya buɗe masa hanyar talla ta biya, wadda ke ɗora mutum a saman sakamako kamar mai rumfa a bakin ƙofar kasuwa, duk wanda ya danna sunan kuma a cire wani abu daga katin. Abin da Mahfuz bai taɓa tsayawa ya auna ba shi ne cewa wata rana dannawar za ta zama mutum mai jaka da zufa, ya tsaya gaban kawunsa.

"Ni dai na hwaɗi," in ji Labo, murya ƙasa-ƙasa, yana satar kallon inuwar bedi. "Dubi takalminai. Ɗan albasa ba ya sa wanga takalmi. Ko mutumen lanho na, an turo shi ƙidayar buhu, ko ko ɗan damfara na. Iyaka na kusa, Alhaji, in an ɗora mishi kaya, kahin ka ce kwabo ya bi ta Illelar Najeriya."

"Kuma ya san sunana," in ji Alhaji.

"Shi na gani." Labo ya ƙara da wata murya mai santsi: "Sai ko in Alhaji ya yi sabon dillali ba mu jiya ba. In haka na, a hwaɗa muna, mu yi mishi barka."

"Ni ko cewa ni kai, ko kai kat turo shi ka gwada ni," in ji Alhaji.

Suka yi dariya su biyu, dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Alhaji ya juya ga Mahfuz.

"Gaya mishi ya huta, ya tuna. In an yi la'asar bai tuna ba, Labo ya raka shi wajen jandarma, su su san yadda a ka tuna ma mutum."

Da Mahfuz ya je inuwar bedi, ya tarar furar tana nan yadda aka kawo ta, ƙuda na zagaya faifan. Komlan bai saki jakarsa ba. Ya tambaya a hankali ina babban siton da ke cikin hoto, mai buhuna har rufi, da manyan motocin nan uku. Mahfuz ya ce suna Galmi. Wannan ba ƙarya ba ce ɗungum: a Galmi ya ɗauki hoton, ranar lodi, sai dai buhunan na mutane da yawa ne, motocin kuma na haya. Komlan ya gyaɗa kai, ya dubi ƙofar da aka rufe rabi, ya ƙara matse jakar.

Mahfuz ya ce zai je ya dawo, ya nufi siber da sauri, rana na dukan ƙeyarsa. Tunani ɗaya yake juyawa. In mutumin nan na kirki ne, to akwai abin da zai iya tsayawa a kai ya yi magana. In kuwa ɗan damfara ne, to da hannunsa ya buɗe masa gidan kawunsa, kuma mafi sauƙi shi ne ya kame bakinsa har la'asar, a tafi da shi, ya goge shafin, zance ya mutu.

Badi'a, wadda ke riƙe da siber ɗin, tana fifita da kwalin takarda. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ƙaramin inji ne ke kuka a bayan shago, na'ura biyu kawai ke aiki.

"A'a, babban darakta," in ji ta. "Yau da tsakar rana? Ko kamfanin Muttaƙa da 'Ya'yansa ya haihu?"

"Rage murya, don Allah."

"Wa zai jiya? Injin nan ko kiran salla ba a ji."

Ya zauna, ya rubuta sunan Komlan da kalmar albasa da Lome. Shafin ya riƙa buɗewa layi-layi, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Can sai ga shi, a sama, gaban kowa: kamfanin Komlan, mai kai kayan lambu ga manyan otal na Lome. Ya danna. Ga hoton motoci masu sanyi a jere, ga wani gini fari mai gilashi. Mahfuz ya sauke numfashi, ya jingina da kujera, har ya ji yunwa ta taso masa.

Sai ya koma baya domin ya sake karantawa, idonsa ya faɗa kan launin da ke bayan sunan. Wani ɗan shuɗi-shuɗi ne mai haske, da ƙaramin rubutu a kusurwa mai nuna cewa talla ce. Ya san launin nan kamar yadda ya san tafin hannunsa, domin a cikinsa sunan kawunsa yake zaune. Ya gangara ƙasa, inda sakamakon da ba a saya ba yake, ya bi shafi bayan shafi. Babu jaridar da ta ambaci Komlan, babu otal ɗin da ya kira sunansa, babu kowa. Mutumin yana sama ne saboda ya biya, kamar yadda shi ma ya biya.

Badi'a ta leƙo ta bayan kafaɗarsa. "Motoci masu kyau. Nashi na?"

"Ban sani ba."

"Kai da ka san kan abin?"

"Don na san kan abin ne ban sani ba."

Ta yi dariya har ta dafa tebur. "Mugu shi ya san makwancin mugu. Biya ni lokacina ka tashi, akwai mai jira."

Ya dawo ana kiran azahar. Bayan an sallame, mutane suka watse neman abinci, ya sami Komlan shi kaɗai a inda ya bar shi, inuwar ta matsa ta bar ƙafafunsa a rana, bai ko gusa ba. Mahfuz ya tsuguna kusa da shi.

"Motocin nan masu sanyi," ya ce da Faransanci, "naka ne?"

Komlan ya dube shi. "Siton nan mai buhuna har rufi, naku ne?"

Wata akuya ta zo ta shinshina furar, Komlan ya kore ta da ƙafa. Daga bisani ya ce mahaifiyarsa ta tsufa tana sayar da albasa a babbar kasuwar Lome, ba ta taɓa ganin fuskar wanda ya noma ta ba, kullum a hannun na biyar take saye. Shi ya ce mata zai je tushe. Abin da ke cikin jakar nan nata ne da na ƙawayenta. Tun da ya sauka yake lura da yadda ake kallonsa, ya ga an rufe ƙofa, ya ga tsohon nan mai asawaki yana nuna shi da baki. Bai sha furar ba domin bai san abin da ke ciki ba.

Mahfuz ya saurara, zuciyarsa na son ta yarda. Amma wani sashe nata, wanda ya saba duba abu sau uku kafin ya taɓa, ya ce masa ɗan damfara ma da uwa zai fara, da tsufanta, da ƙawayenta. Bai ga cikin jakar ba. Ko da ya gani, kuɗin jabu ma a jaka ake ɗauko su. Abu ɗaya kawai ya tabbata: mutumin nan bai faɗo daga sama ba, kiransa aka yi, kuma ya san wanda ya kira shi.

Da aka idar da la'asar Alhaji ya koma tabarmarsa, Labo ya riga ya tsayar da ɗan kabu-kabu a bakin hanya. Masu ɗinki suka rage hayaniya, kowa ya sami abin yi kusa da ƙofa. Aka kira baƙon.

"To, ɗan Maryam. Ya tuna?"

Mahfuz ya durƙusa. Bai juya ga Komlan ba.

"Ba sai an tambaye shi ba, Kawu. Ni na turo shi."

Labo ya cire asawaki daga baki. "Kai? Yaushe ka tahi Lome?"

Mahfuz ya yi bayani, idonsa a kan saƙar tabarma: shafin, da sunan da ya ƙirƙira, da tallar da ke ɗora suna a sama. Bai ɓoye hoton Galmi ba. Ya kuma faɗi abin da ya gano a siber, cewa shi ma baƙon sayen wurinsa ya yi, saboda haka bai san shi ba, ba zai iya rantsuwa a kansa ba.

Alhaji bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Mahfuz ke nan. Ya ja carbinsa ƙwaya ɗaya, ya tsaya.

"Wato duk mai na'ura, daga nan har Makka, shina ganin sunana."

"E, Kawu."

"Har mutanen lanho."

"In sun nema."

"Da motoci ukku da ban da su."

Labo ya tafa hannu sau ɗaya. "Na ga dillanci iri-iri, amma ban taɓa ganin dillalin da bai san baƙonai ba, baƙo bai san shi ba, mai kaya bai san da su ba. Alhaji, mashin na jira."

"Sallami mashin," in ji Alhaji.

Ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya yi magana a hankali, yadda kowa da ke bakin ƙofa zai ji.

"Ka ce kai kat turo shi. Ba ni na sa ka ba, bakinka ya hwaɗi, gaban mutane. To ka san abin da a ka yi. Ɗakinka za shi kwana, kwanonka za shi ci. Gobe ka kai shi Galmi ya ga kaya, ka buɗe mishi rudu, rumbun albasa, ya zaɓa da hannunai. In an yi ciniki, kai za ka hau motar, bisa buhu, har Lome, ba ka sauka sai abin da ya rage na kuɗin ya shiga hannunka. In ya cika, la'ada taka ta, Labo ba ya da komi ciki."

"Alhaji!" in ji Labo.

"Baƙonka na?" in ji Alhaji.

Labo ya mayar da asawakinsa baki, ya tauna shi da ƙarfi.

"In ko ya ɓace maka cikin garinsu," Alhaji ya ci gaba, "to kada ka wahal da kanka da kuɗin motar dawowa wajena. Ka wuce Yamai, ka nemi buro. Ni zan gaya ma uwarka."

"Na ji, Kawu. Shafin kuma, in goge shi?"

Alhaji ya mayar da idonsa kan carbinsa. "Bar shi sai ka dawo," ya ce. "In ka dawo."

Komlan yana tsaye duk wannan lokaci, yana bin bakunansu da ido. Ya tambayi Mahfuz me aka yanke. Mahfuz ya gaya masa cewa daga yau shi ne mai masaukinsa, kuma tare za su tafi Lome. Komlan ya tambaya ko rakiya ce ko tsaro. Mahfuz ya ce a nan garin ba a raba su.

Da za su wuce, Labo ya kama hannun rigar Mahfuz, ya jawo shi kusa. "Barka da shiga sana'a, mai diplom. Ga guda kyauta, ba don halinka ba: baƙon da ba ka sani ba, kada ka bari ya kwana tsakaninka da ƙohwa."

Suka bi lungu zuwa gida rana na gangarawa, mata na fita da tallan tuwo. Mahfuz ya miƙa hannu zai karɓi jakar bisa al'adar mai masauki, Komlan ya yi godiya, ya mayar da ita ɗaya kafaɗar. A ɗaki Mahfuz ya nuna masa katifa, ya ce tasa ce. Shi kuwa ya ɗauko tabarma, ya shimfiɗa ta a gicciye a bakin ƙofa.

Komlan ya dubi katifar da ke can ƙurya, ya dubi tabarmar. Ya tambaya me ya sa mai gida zai kwana a ƙofa.

"Nan ya fi iska," in ji Mahfuz.

Komlan ya gyaɗa kai, ya ce shi ma mutumin bakin teku ne, ba ya jure zafi. Ya kama katifar da hannu ɗaya, jakar na ɗaya hannun, ya jawo ta har ta haɗu da gefen tabarmar. Aka kawo tuwo kwano ɗaya. Suka wanke hannu, suka zauna a bakin ƙofar, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara kai loma.